Matan Batsari da Safana a Cikin Juyin Zamani, da Abin da Labarin Iran Ke Nuna Mana

A ce yau ka tafi Safana, ko Batsari ta Sarkin Ruma, ko wani ƙauye na gefen dajin Rugu, ka sami tsohuwar da aka haifa a 1940, ka durƙusa ka gaishe ta, sa'an nan ka ce, "Iya, mulki nawa kika gani?" In ta yi lissafi za ta gaya maka ta ga na Turawa da na En'e, ta ga na Sardauna, ta ga soja sun hau sun sauka ba sau ɗaya ba. An haife ta a Lardin Katsina, ta yi ƙuruciya a Jihar Arewa, a 1967 aka ce tana Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka ce Kaduna, a 1987 aka ce Katsina, ita kuwa ko gusawa ba ta yi daga garinsu ba. To, in ka ƙara tambayarta, ka ce, "A cikin waɗannan duka, wa ya taɓa neman shawararki?" lalle dariya za ta yi maka.

Wannan dariya ita ce dalilin rubutun nan. Duk wanda ya duba tarihi zai ga cewa in mulki ya juya, masu sabon iko ba su daɗewa sai su waiwayi mata: me za su sa, ina za su je, za su yi karatu ko ba za su yi ba, za su jefa ƙuri'a ko a'a. Sau da yawa kuma a kan yanke maganar ba su nan. Abin da mu ke so mu nuna wa malaman makaranta da akawunan hukuma shi ne, abin da doka ta ba mace da rana ɗaya, wata dokar tana iya ƙwace shi da rana ɗaya. Wanda ba ya ƙwatuwa shi ne ilimin da ya riga ya shiga kanta. Shaidarmu ta farko daga ƙasarmu ta ke, ta biyu daga ƙasar Iran, wadda littattafan da ke kira Farisa.

Ilimin mata ba baƙo ba ne

Kada wani ya ce Bature ne ya kawo maganar karatun mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta kan naɗa wa dattijuwa malfa ta zama jaji, jaji ta kawo matan ƙauye su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Ba ta jira wata majalisa ta ba ta izini ba, kuma daular da ta yi wa aiki ta faɗi a 1903, amma karatun da ta shuka bai faɗi tare da ita ba.

A wajen boko kuwa, Katsina na cikin na gaba. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na hukuma a Arewa, ɗaya a Kano, ɗaya a Katsina, a ƙarƙashin inuwar sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ba abin ƙarfi, aka fara da 'ya'yan gidan sarauta da na fadawa don talakawa su ga ba abin tsoro ba ne. Amma fa a faɗi gaskiya, ɗigo ne a cikin tulu. Makarantar tana cikin birni, abin da a ke koyarwa ya fi karkata ga ɗinki da tsabta da renon yara, kuma 'yar manomin ƙasar Ruma ko ta Yariman Safana ba ta ma san ana yi ba. Tsohuwarmu ta 1940, in ta yi sa'a, allo ta samu, ta kai izu biyu ko uku aka yi mata aure.

Rigimar ƙuri'a

Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, sai maganar mata ta zama abin jayayya. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma ita da Malam Aminu Kano suka tsaya a kan a ba mata ƙuri'a. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba, abin ya saɓa wa al'adar ƙasa, a bari ilimi ya yaɗu tukuna. A 1956 Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mata a Musulunci, yana kawo hujja daga Alƙur'ani da hadisi, aka yi ta ka-ce-na-ce a kansu.

Wadda ta fi kowa shan wuya a wannan gwagwarmaya ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Ta shugabanci reshen mata na NEPU, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, tana sukar auren ƙananan yara da aikin tilas. An yi mata dūka, an kore ta daga Kano, kuma masu tarihinta sun ƙirga ɗauri 16 da aka yi mata. Ko mutum yana ƙaunar jam'iyyarta ko ba ya yi, ba ya iya musun cewa ta biya kuɗin abin da ta nema da fatar jikinta.

Duk da haka, da aka zo babban zaɓen tarayya ran 12 ga Disamba 1959, matan Gabas da na Yamma suka jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Abin mamaki ma yana nan kusa. Bi hanyar Jibiya ka tsallaka iyaka ka shiga Maraɗi. Mutanen nan danginmu ne, Katsinawa ne, harshe ɗaya, addini ɗaya. Amma dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a a ƙasashen da ta ke mulka, mace da namiji. Watau Bakatsiniyar Maraɗi ta riga Bakatsiniyar Batsari samun ƙuri'a da shekara 20, ba don wani bambancin hankali ko na addini ba, sai don wanda ke riƙe da alƙalami a can daban ne da mai riƙe da shi a nan.

Matan Arewa ba su sami wannan haƙƙi ba sai a 1976, sa'ad da gwamnatin soja ta rushe tsarin En'e ta kafa ƙananan hukumomi. A babban zaɓen 1979 suka fito suka yi layi. Tsohuwarmu tana da shekara 39 a lokacin, ta aurar da 'ya'ya, kafin ƙasarta ta yarda ta isa ta dangwala yatsa. A lura kuma, ba majalisar zaɓaɓɓu ta ba ta ba, soja ne suka ba ta da doka. Masu cewa a jira ilimi ba su yi ƙarya duka ba, domin ƙuri'ar wanda bai iya karanta takarda ba tana da sauƙin saye da sabulu da turmin atamfa. Laifin shi ne an hana ƙuri'ar, makarantun kuma ba su kai ƙauye ba yadda ya kamata.

Abin da ya faru a Iran

Yanzu bari mu ɗauki sa'ar tsohuwarmu, wadda ita ma aka haifa a 1940, amma a birnin Tehran ko Mashhad. Iran ƙasar Musulmi ce, galibinsu 'yan Shi'a, mai tsohon tarihi da manyan malamai. A juyin da suka yi na neman tsarin mulki daga 1905 zuwa 1911 mata sun taimaka, amma dokar zaɓe ta 1906 ta hana su ƙuri'a. Sai waɗansu mata masu himma suka koma buɗe makarantun 'yan mata a gidajensu, tun daga wajen 1907, ana zaginsu suna ci gaba.

Sa'an nan Riza Shah, wani hafsan soja da ya hau gadon sarauta a 1925, ya ƙudura sai ya mai da ƙasarsa kamar Turai da ƙarfin tsiya. A watan Janairu 1936 ya hana lulluɓi. 'Yan sanda suka riƙa fizge mayafi daga kan mata a titi. Sakamakon bai zama yadda ya zata ba, domin mata masu yawa, waɗanda a wurinsu fita ba lulluɓi tsiraici ne, sai suka daina fita sam, waɗansu iyaye kuma suka cire 'ya'yansu daga makaranta. Da Ingila da Rasha suka tilasta masa sauka a 1941, dokar ta saki, masu son lulluɓi suka koma abinsu.

Ɗansa Muhammadu Riza ya ba mata ƙuri'a a 1963, kuma a wannan shekara mata 6 suka shiga majalisar wakilai. A 1967 aka yi Dokar Kare Iyali, wadda ta mai da saki da ƙarin aure da riƙon 'ya'ya hannun kotu, aka ƙarfafa ta a 1975 har aka kai shekarun aurar da yarinya 18. A 1968 Farrokhru Parsa ta zama ministar ilimi. An naɗa mata alƙalai, cikinsu har da Shirin Ebadi. Sai dai duk wannan daga fada ya sauko, daga hannun sarkin da ke ɗaure masu sukarsa, don haka a idon talakawa da malamai masu yawa 'yancin mata ya zama tambarin Shah. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

A 1978 jama'a suka yi wa Shah bore, mata dubbai a cikinsu, waɗansu ma da gangan suka sa baƙin lulluɓi don nuna masa ƙiyayya. Ya bar ƙasar ran 16 ga Janairu 1979, Ayatullahi Khumaini ya dawo ran 1 ga Fabrairu. Ba a yi wata biyu ba aka dakatar da Dokar Kare Iyali, daga baya aka sauke mata daga kujerar alƙalanci. Ran 8 ga Maris 1979 mata dubbai suka fito titunan Tehran suna ƙin a tilasta musu lulluɓi. A 1980 aka kashe Farrokhru Parsa bisa hukuncin kotun juyin juya hali. A 1983 dokar ƙasa ta sanya bulala har 74 ga macen da ta fita ba lulluɓi. Dubi wannan al'amari: uwar tsohuwar nan ɗan sanda ya bi ta da sanda don ta rufe kanta, 'yarta kuma ɗan sanda ya bi ta don ta buɗe. Sarautu biyu masu gaba da juna, amma sun haɗu a kan abu ɗaya, ba wanda ya tambayi mai kan.

To, amma akwai abin da juyin bai taɓa ba, har ma ya ƙara shi. Sabuwar gwamnati ba ta ƙwace ƙuri'ar mata ba, kuma ta kai makarantu da yaƙi da jahilci ƙauyuka. Iyaye masu riƙon addini, waɗanda da ba su yarda da makarantar Shah ba, suka saki 'ya'yansu mata tun da an raba azuzuwa kuma ana lulluɓi. A ƙidayar 1976 matan Iran da suka iya karatu da rubutu wajen 35 ne cikin 100. A ƙidayar 2016 sun haura 80. Tun farkon shekarun 2000 mata suka fi maza yawa a cikin masu cin jarrabawar shiga jami'a. Shirin Ebadi da aka sauke daga alƙalanci ta koma lauya, ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2003.

Waɗannan masu ilimi ne da 'ya'yansu suka cika tituna bayan ran 16 ga Satumba 2022, ranar da Mahsa Amini, 'yar shekara 22, ta rasu a Tehran bayan 'yan sandan ɗa'a sun kama ta a kan zargin ba ta rufe kanta daidai ba. Zanga-zangar ta yi watanni, an kashe ɗaruruwan mutane, an ɗaure dubbai. A 2023 aka ba Narges Mohammadi lambar Nobel tana cikin kurkuku. A ƙarshen 2024 hukuma da kanta ta jingine wata sabuwar dokar lulluɓi mai tsanani da majalisa ta zartar. Ba mu kawo wannan don mu yanke wa mutanen Iran hukunci ba, ƙasarsu ce. Mun kawo shi ne don a ga bambancin abin da doka ke bayarwa da abin da makaranta ke bayarwa.

Inda labaran biyu suka gamu

Shekarar 1979 ta haɗa mu da su: a cikinta matan Iran suka rasa dokar iyali, a cikinta matan Arewa suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa karo na farko. Iskar juyin Iran ta kaɗo har jami'o'inmu, inda ta burge ɗalibai da yawa, kuma Malam Ibrahim Zakzaky na Zariya ya ziyarci ƙasar a 1980. A wannan zamani ne kuma ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta dage da buɗe Islamiyyun matan aure, sa'an nan a 1985 mata Musulmi suka kafa tarayyarsu ta FOMWAN a Minna. Tsakanin waɗannan da wa'azin sauran malamai, hijabi ya shigo ya zauna tare da gyale da mayafi.

Abin lura shi ne, a ƙasarmu hijabi ya yaɗu ne galibi ta hanyar wa'azi da makaranta, ba da kulkin ɗan sanda ba, kuma ga mata da yawa shi ne ya buɗe ƙofar zaure. Maigidan da ba ya barin matarsa ta leƙa waje ya bar ta ta tafi Islamiyya da dare. Uban da ke tsoron boko ya bar 'yarsa ta kai sakandare. Abin da aka karɓa da yarda ya zauna lafiya, ba kamar na Riza Shah ko na waɗanda suka gaje shi ba.

Ga wani misali daga jiharmu. Bayan an faɗaɗa shari'ar Musulunci a Katsina a 2000, kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a watan Maris 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta yi ta surutu, amma ba surutun ya kuɓutar da ita ba. Lauyoyinta, cikinsu har da mace, Hauwa Ibrahim, sun shiga littattafan fiƙihun Malikiyya suka fito da hujjoji a kan ƙa'idar iƙirari da janye shi, da maganar kwantaccen ciki. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai 4 suka rinjayi 1. Ilimi ne ya yi aiki, a cikin shari'a, da harshen shari'a.

Juyin da ke bakin ƙofarmu

Juyin da ya sami matan Batsari da Safana a shekarun nan ba daga fada ya zo ba, daga daji ya fito. 'Yan bindiga da suka yi sansani a dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, sun kore dabbobi, sun sace mutane don kuɗin fansa, sun keta haddin mata. A 2019 azuzuwan firamare a garin Batsari suka zama masaukin 'yan gudun hijira, galibinsu mata da yara, waɗansu dubbai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma suka tsallaka yankin Maraɗi. Gwamnati ta yi sulhu da 'yan bindiga a wannan shekara, bai ɗore ba. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana na jihar na wani lokaci. A 2021 aka yanke layukan waya na watanni a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana.

Kowa ya san wanda ke fara barin aji in tsoro ya shigo gari. Uban da ya ji an sace 'yar maƙwabci ba ya sake barin tasa ta yi tafiyar mil biyu zuwa makaranta, kuma wa zai ga laifinsa? Sai ya ga aurar da ita ya fi masa kwanciyar rai. Yaro in ya yi fashin shekara biyu ya kan koma aji, yarinya kuwa da wuya, domin kafin nan tana da goyo. Ba wanda ya kafa dokar hana ta karatu. Dokar ƙasa ta 2004 ma cewa ta yi shekara 9 na farko tilas ne kuma kyauta. Amma abin da Sarki Dikko ya fara a 1930, aka faɗaɗa da shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, yana iya zubewa a ƙauyukan nan shiru, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a takardar hukuma ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Kawar da 'yan bindiga aikin gwamnati ne da jami'an tsaro, kuma wajibi ne a ci gaba da tuna musu. Amma akwai abin da ke hannun mai alli da mai alƙalami. Malam, rajistar ajinka amana ce. In yarinya ta yi mako biyu ba ta amsa suna ba, kada ka ja layi a kan sunanta ka wuce, tafi ka gai da mahaifinta, ka ji dalili, in ya yi nauyi ka nemi mai unguwa da liman su sa baki. In 'yan gudun hijira suka sauka a garinku, a karɓi 'ya'yansu a aji nan take, kada a ce sai sun kawo takardar canjin makaranta daga ƙauyen da aka ƙone. In yarinya ta riga ta yi aure, a nema mata gurbi a ajin matan aure ko Islamiyya mai haɗa boko, don aure ba ya hana karatu.

Kai kuma akawu, takardar haihuwa da katin zaɓe da sunan gwauruwa a jerin masu karɓar taimako, duk ta teburinka su ke bi. Kada ka sa matar da ta rasa miji da gona ta yi sawu uku don sa hannu ɗaya. In ana taron unguwa a kan tsaro ko sulhu ko inda za a mai da makaranta, ka tuna wa shugabanni a ji ta bakin mata, ko ta hannun malamansu mata da shugabannin ƙungiyoyinsu, domin su ne suka fi kowa sanin abin da aka yi musu. Hukumomin ilimi kuma su dubi maganar ɗaukar malamai mata 'yan asalin yankin, gama uba ya fi sakin jiki in ya san wadda ke koyar da 'yarsa.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah. Mutanen Iran sun gwada fizge mayafi da ƙarfi, sun gwada ɗaura shi da ƙarfi, kowanne ya bar musu baƙin ciki, abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne karatun 'ya'yansu mata. Tsohuwarmu ta gefen Rugu ta jira shekara 39 kafin a tambaye ta wa ta ke so. Jikanyarta tana aji huɗu, ko kuwa da tana ciki kafin a tashi ƙauyensu. Ko za ta koma, wannan yana hannun mahaifinta da malaminta da akawun ƙaramar hukumarsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.